Yadda na bi diddigin matsalar VPN ɗin ofis a rautar gida

Tsarin da na yi aiki a kansa irin wanda ya yawaita ne a gidaje yanzu. Rauta mai layin SIM ta 4G tana jikin taga inda sabis ya fi ƙarfi, kebul ya fita daga bayanta zuwa wata rauta ta biyu a falo wadda ke raba waifai, sai kwamfutar ofis mai Windows 11 da aka saita mata VPN, wato rufaffen bututun da ke haɗa ta da na'urorin ofis ta intanet, nau'in IKEv2. Intanet lafiya lau, YouTube na tafiya, WhatsApp na tafiya. VPN ɗin ne ke da halaye uku. Yana nuna ya haɗu amma babbar jakar fayilolin ofis ba ta buɗuwa. Idan aka bar shi minti kaɗan ba a taɓa komai ba sai ya mutu. Shafukan cikin gida na ofis kuma wasu su buɗe, wasu su tsaya rabi suna juyawa.

Halayen nan uku ba lallai ciwo ɗaya ne ya haife su ba, kuma a wannan karon ma kowanne da nasa dalilin. Abin da ke ɓata wa mutane lokaci shi ne shiga shafin rauta a yi ta kunna wannan ana kashe wancan kan mai uwa da wabi, har a manta yadda aka tarar da abin. Don haka kafin na taɓa komai na ɗauki hoton kowane shafin saiti na rautocin biyu da waya, na kuma sauke ajiyar saitin ta wurin da aka rubuta Backup. Daga nan duk canjin da zan yi guda ɗaya ne, in gwada, in rubuta sakamako a takarda, sannan in matsa.

Gwajin farko bai shafi rauta ba sam. Na kashe waifan gidan a kwamfutar, na kunna hotsfot a wayar da ke da layin wani kamfani daban, na haɗa VPN. Komai ya yi aiki: jakar fayiloli ta buɗe, shafuka suka sauka, na bar shi rabin awa bai yanke ba. Wannan gwaji mai sauƙi ya wanke kwamfutar, ya wanke kalmar sirri da takardar shaidar da ke cikinta, ya wanke sabar ofis. Abin da ya rage tsakanin waifan gida ne, rautocin biyu, da kamfanin layin. Muhimmi ne layin hotsfot ɗin ya zama na wani kamfani, domin idan iri ɗaya ne da na rautar kuma gwajin ya faɗi, ba za ka san ko kwamfutar ce ko kamfanin ba.

Gwaji na biyu da kebul ne. Na ja kebul daga kwamfutar kai tsaye zuwa bayan rautar SIM, na tsallake ta falo gaba ɗaya. Nan jakar fayilolin ta buɗe, na ga sunayen takardu, amma da na ce in kwafo fayil mai megabayit 8 sai ya maƙale. Wato matsala ɗaya tana rautar falo, wata kuma tana gaba da ita.

Kafin in ci gaba na leƙa abin da Windows ke rubutawa. A Event Viewer, ƙarƙashin Windows Logs, sashen Application, ana tace waɗanda tushensu RasClient ne. Lamba 20227 ita ce ta haɗuwar da ta faskara, 20226 kuma ta wadda ta haɗu ta yanke, kowacce da lambar dalili a ƙarshen jimlarta. Idan ka ga 691, suna ko kalmar sirri ce aka ƙi, rauta ba ruwanta. 868 na nufin kwamfutar ta kasa fassara sunan sabar zuwa adireshi. 13801 maganar takardar shaida ce, kuma abu na farko da za a duba nan shi ne agogon kwamfutar, domin idan kwanan wata ya kauce takardar da ke da rai sai ta zama kamar ta mutu. 809 ita ce ta hanya: kwamfutar ta yi sallama ba a amsa ba, galibi saboda wani abu a tsakani ya tare ƙofofi 500 da 4500 na UDP (ɗaya daga hanyoyin aika saƙo a intanet) waɗanda IKEv2 ke bi, ko yana zubar da ƙunshin saƙon da aka gutsuttsura. A nan ban tarar da 691 ko 13801 ko sau ɗaya ba. Yankewa ce birjik, da 809 jefi-jefi lokacin sake haɗawa.

Na koma kan waifan falo, na haɗa VPN, na buɗe Command Prompt na rubuta

ipconfig

Adireshin da rautar falo ta ba kwamfutar shi ne 192.168.1.104, ƙofar fita 192.168.1.1. Na tambayi injiniyan ofis adireshin sabar fayiloli, ya ce 192.168.1.20. A nan na gano bakin zaren farko. Gida da ofis suna amfani da unguwa ɗaya ta adireshi.

Abin yana buƙatar a fahimce shi sosai, domin shi ne ya fi kama mutane. Akwai rukunan adireshi uku da aka ware tun 1994 don amfanin cikin gida, kowa na iya ɗauka ba tare da izini ba: waɗanda suka fara da 10, waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Masu ƙera rauta kusan duk sun taru a kan 192.168.0 da 192.168.1, na Huawei masu SIM kuma galibi 192.168.8. Ƙananan ofisoshi da yawa su ma da irin waɗannan rautocin suka fara, suka girma a kan lambar ba su canza ba. To idan kwamfuta za ta aika saƙo, tana duba jadawalin hanyoyinta ta zaɓi layin da ya fi dacewa da adireshin daki-daki. Umarnin

route print -4

yana nuna jadawalin. A ciki na ga layin 192.168.1.0 mai abin rufi (Netmask) 255.255.255.0 an rubuta masa On-link, wato yana nan cikin gida, ta katin waifai. Layin VPN kuwa na gama-gari ne, 0.0.0.0, wato duk abin da ba a san inda za a kai shi ba. Tunda layin gida ya fi ƙayyade wuri, shi ke cin nasara. Kwamfutar tana ganin 192.168.1.20 maƙwabcinta ne a falo, sai ta yi ta cigiyarsa a cikin gida, saƙon bai taɓa shiga bututun VPN ba. Wannan ne ya sa hotsfot ya yi aiki, domin iPhone tana raba 172.20.10 ne, wayoyin Android ma ba kasafai suke faɗawa kan 192.168.1 ba. Shi ne kuma ya sa kebul zuwa rautar SIM ya buɗe jakar, domin ita tana kan 192.168.0.

Wani abin da ke ƙara ruɗa mutum: idan akwai na'ura a gida da ta ɗauki 192.168.1.20, misali talabijin ko firinta, ping, umarnin da ke gwada ko na'ura na amsawa, zai samu amsa, ka ɗauka sabar ofis ce ke amsawa. Alamar ita ce lokacin amsar. Abin da ke amsawa cikin milisakan 2 ko 3 yana cikin gidanka, saƙon da ya bi 4G ya je ofis ya dawo ba zai yi wannan saurin ba.

Maganin a gida yake, ba a ce wa ofis su sake lambar duk na'urorinsu saboda mutum ɗaya. A shafin rautar falo, wurin LAN, na mayar da adireshinta 192.168.57.1, na sa DHCP, mai raba wa na'urori adireshi, ya raba daga 192.168.57.100 zuwa 192.168.57.199. Lambar 57 ba ta da wani sirri, na dai tambayi ofis rukunan da suke amfani da su na zaɓi wadda ba ta ciki, na kuma guje wa 0, 1, 2, 8 da 100 da na'urori ke zuwa da su. Da zarar an danna Save shafin zai ɓace, domin rautar ta bar tsohon adireshin. Sai a cire waifai a sake haɗawa, a shiga ta sabon. Duk na'urar da aka kafa wa adireshi da hannu, kamar firinta ko akwatin kyamarorin tsaro, sai an bi ta an gyara, in ba haka ba za ta ɓace daga gidan. Bayan wannan jakar fayiloli ta buɗe ta waifai.

Tsugune ba ta ƙare ba, saura yankewa. Hanyar da na fi yarda da ita nan ita ce tagogi uku na Command Prompt a jere, kowacce da ping ɗin da ba ya tsayawa:

ping -t 192.168.57.1

ping -t 8.8.8.8

ping -t 192.168.1.20

Ta farko tana auna tsakanin kwamfuta da rauta, wato waifai kaɗai. Ta biyu tana auna hanyar intanet. Ta uku tana auna cikin bututun. Sai dai idan an saita VPN ɗin ya kwashe duk zirga-zirga, ta biyun ma cikin bututun za ta bi, don haka a irin wannan hali ita na gudanar a wata kwamfuta da ke kan waifan ɗaya. Duk wadda ta fara yankewa ita ce ke nuna inda ciwon yake. Idan ta farko ta yanke, waifai ne. Idan ta farko na nan ta biyu ta yanke, layin ne ko rautar SIM. Idan biyun farko na nan ta uku kaɗai ta mutu, abin ya shafi bututun kansa.

Na bar su awa guda, ko ɗaya ba ta yanke ba, VPN bai mutu ba. Wannan ma amsa ce. Na rufe ta ukun na bar biyun, na ƙyale kwamfutar ba na taɓa komai na ofis. Cikin 'yan mintuna bututun ya mutu alhali sauran biyun suna amsawa. Wato muddin akwai motsi a ciki yana raye, da ya yi shiru sai wani a hanya ya manta da shi.

Mai mantuwar shi ne NAT. Rauta tana ɓoye na'urorin gida bayan adireshi ɗaya, tana rubuta a wani ɗan jadawali cewa wannan saƙo da ya fita ta ƙofa kaza na kwamfuta kaza ne, domin idan amsa ta dawo ta san wa za ta miƙa wa. TCP, ɗaya hanyar aika saƙon, yana da buɗewa da rufewa, don haka rauta ta san lokacin da hira ta ƙare. UDP ba shi da wannan, sai rauta ta yi amfani da agogo: in an yi shiru na wani lokaci ta goge layin. Ƙa'idar da aka shimfiɗa wa masu ƙera na'urori ta ce kada lokacin ya gaza minti 2, an ma fi son minti 5, amma ba kowace na'ura ke bi ba. IPsec, tsarin rufe saƙo da IKEv2 ke aiki da shi, yana kare kansa da ɗan ƙaramin saƙon "ina nan" da ake turawa ta ƙofa 4500, a ƙa'ida duk daƙiƙa 20. WireGuard, wani nau'in VPN, ma yana da irinsa, PersistentKeepalive, wanda aka saba sa wa 25. Idan akwai NAT ɗaya a hanya wannan yakan wadatar. Sai na ƙirga nawa ne a nan, da VPN a kashe:

tracert -d 8.8.8.8

Mataki na farko 192.168.57.1, na biyu 192.168.0.1, na uku adireshi mai farawa da 10. Na shiga shafin rautar SIM na duba adireshin da kamfanin layi ya ba ta, ya faɗa cikin rukunin 100.64 zuwa 100.127 da aka ware wa kamfanoni a 2012 don su tara kwastomomi da yawa bayan adireshi ɗaya. Shafin da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje kuma wata lamba daban ya nuna. NAT uku ke nan a jere: na falo, na taga, da na kamfani. Kowanne da jadawalinsa da agogonsa, kuma ɗaya ya goge ya isa.

Na kamfani ba hannuna a kai, kuma haka kusan duk layukan waya suke, adireshin IPv4 ya yi ƙaranci a duniya. Amma na falo ba shi da wani amfani, aikin da ake so daga wannan rautar raba waifai ne kawai. Ƙari a kan haka na tarar a shafinta na tsaro an kunna IPsec Passthrough, L2TP Passthrough da PPTP Passthrough. Na IPsec an yi shi ne tun zamanin da IPsec ke tafiya tsirara da ESP, yarjejeniya mai lamba 50, wadda ba ta da lambar ƙofa balle NAT ya bi sawunta, sai rauta ta riƙa leƙa cikin saƙon tana taimakawa. VPN na yanzu yana naɗe ESP cikin UDP 4500 da kansa da zarar ya gane akwai NAT, ba ya buƙatar taimakon. A wasu rautocin kashe maɓallin yana nufin a tare IPsec gaba ɗaya, a wasu kuma kunna shi ne ke jawo katsalandan, musamman idan mutum biyu a gida ɗaya suna haɗawa da ofis ɗaya sai na biyu ya kori na farko. Ba a sanin wanne ne sai an gwada duka biyun. Ni ban tsaya gwadawa ba, na cire rautar daga aikin NAT ɗungurungum.

Idan rauta tana da zaɓin Access Point a wurin Operation Mode, danna shi ya wadatar. Wannan ba ta da shi, sai na yi da hannu, kuma jerin yana da muhimmanci don kada mutum ya kulle kansa a waje. Na fara da rautar SIM, na mayar da ita 192.168.57.1 da DHCP daga 100 zuwa 199, tunda ita za ta zama uwar gida kuma 192.168.0 ma yana iya karo da wani reshen ofis wata rana. Lokacin da nake wannan kebul ɗin da ke tsakaninsu a cire yake. Sannan na shiga ta falo na ba ta 192.168.57.2, na kashe DHCP ɗinta, na ajiye. A ƙarshe na mayar da kebul ɗin, amma a ramin LAN maimakon ramin WAN mai launi daban. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin DHCP biyu a kunne, sai wasu na'urori su karɓi ƙofar fita da ba ta kai ko'ina, intanet ya riƙa zuwa wa wasu yana ƙin wasu. Da na sake tracert mataki ɗaya ya ragu. Na bar VPN shiru awa biyu, yana nan da ransa.

A nan zan ja kunne kan shawarar da ke yawo ta cewa a buɗe ƙofofi 500 da 4500 a Port Forwarding ko a jefa kwamfutar cikin DMZ, saitin da ke miƙa mata duk abin da ya zo daga waje. Kwamfutarka ce ke fara magana zuwa waje, amsa kuma tana biyo sawun da ta bari, babu wanda ke ƙwanƙwasa maka ƙofa daga waje. Buɗe ƙofa aikin wanda ke ajiye da saba ne. Kuma a bayan NAT ɗin kamfani ko ka buɗe babu abin da zai iso. A layin da ke da adireshin waje na gaske kuwa, DMZ tallata kwamfutar ofis ce ga duk mai yawo a intanet, alhali ba ta gyara komai ba.

Saura ta uku, wadda ta fi cin lokaci: ƙananan abubuwa na wucewa, manya na maƙalewa. Jerin sunayen fayiloli ya fito, kwafowa ta tsaya. Shafin shiga ya buɗe, shafin da ke da tebur mai tsawo ya tsaya rabi. Duk inda ka ga wannan hali ka tuna da MTU, wato iyakar girman ƙunshi ɗaya da hanya za ta ɗauka. A kebul da waifai 1500 bayit ne. A layin da ke bi ta PPPoE 1492 ne. A layukan waya yakan gaza haka, domin su ma suna naɗe saƙon cikin nasu bututun. Ana aunawa da ping mai hana gutsurawa, da VPN a kashe:

ping -f -l 1472 8.8.8.8

Harafin f yana cewa kada a raba ƙunshin, l kuma girman kayan ciki ne. Ana fara da 1472 saboda kan IP, wato bayanan adireshi da ke saman ƙunshin, yana cin 20, kan ICMP da ping ke amfani da shi yana cin 8, jimla 1500. Amsa iri uku ce. Ko ya wuce, ko a ce maka Packet needs to be fragmented but DF set, ko a yi shiru kamar an shuka dusa sai Request timed out. Ta biyun lafiya ce, domin na'urar da ƙunshin ya fi ƙarfinta ta dawo da bayani, kwamfutar za ta rage da kanta. Ta ukun ita ce mugu: ana zubar da ƙunshin ba a sanar da kowa, mai aikawa ya yi ta maimaita abu ɗaya. Ita na samu. Na sauko 1400, shiru. 1350 ya wuce. Na riƙa raba tazarar biyu har na tsaya a 1392, wanda ya wuce, 1393 kuma bai wuce ba. A ƙara 28, hanyar 1420 take ɗauka.

Mai karatu zai tambaya, to me ya sa sauran intanet ke aiki? Domin na'urorin hanya suna da dabara. Lokacin da ake buɗe hirar TCP kowane ɓangare yana faɗin girman da zai karɓa, ana kiran lambar MSS, sai rauta ko na'urar kamfani ta rage lambar a hanya ba tare da kowa ya sani ba. A cikin VPN wannan ba ya yiwuwa, an rufe saƙon da makulli, rauta ba ta ganin lambar balle ta gyara. Abin da take gani ƙunshin UDP ne ƙato.

Lissafin kuwa ga shi. Windows yana ba katin VPN ɗinsa 1400. A kan wannan IPsec yana ɗora sabon kan IP 20, kan UDP 8, kan ESP 8, sai 16 na farkon makullin AES, 16 na hatimin tantancewa, da bayit 2 na wutsiya tare da cikon da ke daidaita tsawon ya zama ninkin 16. Ƙunshi mai 1400 sai ya fita waje yana 1476. Zai wuce a hanyar 1500, shi ya sa a wani layin ba a jin komai, amma a hanyar 1420 ba zai wuce ba. Idan aka juya lissafin, 1420 a cire 68 saura 1352, ninkin 16 mafi kusa a ƙasa 1344, a cire 2 saura 1342. Na haɗa VPN na gwada a ciki da adireshin sabar, 1314 ya wuce, 1315 bai wuce ba. A ƙara 28 ya ba da 1342, lissafi da awo suka yi daidai.

Gyara biyu na yi. A rautar SIM akwai wurin MTU a saitin haɗin waje, an bar shi 1500, na mayar da shi 1420. Da haka rautar ta san iyakarta, ta fara dawo da saƙon "ya yi girma" maimakon ta tura a zubar a gaba, kuma ping na 1400 ya koma ba da amsa ta biyu. Sannan a kwamfutar, da VPN a haɗe da Command Prompt na mai iko (Run as administrator):

netsh interface ipv4 show subinterfaces

netsh interface ipv4 set subinterface "Ofis" mtu=1340 store=persistent

inda "Ofis" yake sunan da aka sa wa haɗin. Fayil ɗin mai megabayit 8 ya sauka nan take. A sake duba lambar bayan an yanke an sake haɗawa, domin katin VPN ba na dindindin ba ne, wani lokaci yakan koma 1400. Kwamfutar ofis kuma sau da yawa ba a ba ma'aikaci ikon wannan umarni, kuma daidai ne a hana, sai a kira injiniya ya yi. Gyaran da ya fi ɗorewa ma a wurinsa yake: ya rage MSS a ƙofar VPN ta ofis zuwa 1300, wato 1340 a cire 40 na kan IP da TCP, duk ma'aikacin da ke kan layin waya ya huta. Wannan ƙarancin MTU ɗin ne kuma ya bayyana 809 ɗin da ke zuwa jefi-jefi. Saƙon da ke ɗauke da takardar shaida lokacin haɗuwa yakan fi ƙarfin ƙunshi ɗaya, a raba shi, NAT ya zubar da gutsuren. IKEv2 yana da hanyar raba saƙon da kansa, Windows 10 ya samu wannan tun sigar 1803, amma sai ɓangaren ofis ma ya kunna.

Da yamma na sake kunna tagogin uku, sai ga wani abu da bai fito da rana ba: taga ta farko, ta rautar kanta, tana tsallake amsa, lokacin yana tashi daga milisakan 3 zuwa ɗaruruwa. Wannan waifai ne, lokacin da maƙwabta suka dawo gida kowa ya kunna nasa. Rautar tana haɗe zangon waifai na 2.4 GHz da na 5 GHz ƙarƙashin suna ɗaya, kwamfutar tana tsalle tsakaninsu. Na raba sunayen, na ɗaure kwamfutar a kan 5, na kafa 2.4 a tasha 11 da faɗin 20 MHz bayan na ga 1 da 6 a cike. Tashoshi 1, 6 da 11 ne kaɗai ba sa hawa kan juna, kada a zaɓi na tsakani. Zangon 5 ba ya ratsa bangon bulo kamar 2.4, don haka in teburin aiki yana bayan bango biyu kebul ya fi komai. A Device Manager kuma na cire alamar da ke ba Windows damar kashe katin waifai don tanadin batir.

Wuta ma tana da hannu. Duk lokacin da aka ɗauke aka koma janareta, rautocin na mutuwa su tashi, kwamfutar kuwa tana kan batir ba ta san an yi ba. Rautar SIM tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta kama sabis, kuma takan dawo da sabon adireshi. IKEv2 yana da MOBIKE da ke ba shi damar ci gaba bayan adireshi ya canza idan sabar ta yarda, amma shirye-shiryen da ke cikin bututun ba duka ke da haƙurin jira ba. Ƙaramin batirin rauta mai fitar da volt 12 ya rufe wannan. A duba bayan rautar a ga volt da amfiyan da take ci kafin a saya, domin wasu 9 ne wasu 5, kuma a tabbatar bakin filogin ya dace.

Abu ɗaya na duba na tarar lafiya, amma yana da kyau a san shi. Idan saba tana buɗuwa da adireshi amma ba ta buɗuwa da suna, a rubuta nslookup da sunan a ga wa ke amsawa. In rautar gida ce ke amsawa maimakon DNS ɗin ofis, mai fassara suna zuwa adireshi, kwamfutar tana tambayar wanda bai san sunan ba. Yakan faru idan katin gida ya fi na VPN fifiko, ko rauta tana raba DNS ta IPv6 alhali bututun IPv4 kaɗai yake ɗauka. Wannan gyaransa a saitin VPN yake, na injiniyan ofis ne.

Abin da na tura masa a ƙarshe gajere ne: rukunin gida ya koma 192.168.57, NAT ya ragu daga uku zuwa biyu, hanyar tana ɗaukar 1420 a waje da 1342 a ciki, ga lokutan da 809 ta fito daga Event Viewer, ga roƙon a rage MSS zuwa 1300 a kuma duba ko an kunna rabon saƙon IKEv2 a sabar. Na sake sauke ajiyar saitin rautocin biyu da sabon kwanan wata, na rubuta adireshinsu a takarda na manna a ƙarƙashin kowacce, domin duk ranar da aka danna maɓallin Reset za su koma lambobin da suka zo da su, karon adireshin kuma ya dawo.